Shekarar da Muka Yi Lokotoro a Gida

Sani da Mariyama, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa da Inna ta iya riƙe bakinta, da yanzu akwai likita a gidanmu. A bakin kakarku Iya kuka ji shi, Allah ya jiƙanta, kuka haddace kamar karatun allo, har kun fara koya wa 'ya'yanku. To, ba ku da wayo lokacin. Kai Sani kana goye, ke kuwa Mariyama ko cikinki ban ɗauka ba. Yayarku Zainabu ba za ta ba ku labarin nan ba ko za ku shekara kuna roƙonta, babanku kuma ya tafi da nasa a ciki. Saura ni, kuma ni ba a san ni da ɓoye magana ba.

A unguwar Wadata, nan Yamai, muke zaune a shekarar, a wani gidan haya bayan kasuwa: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da ake faɗa a kansa kowace safiya. Babanku na tuƙa taksi, ni ina da keken ɗinki a rumfar wata 'yar garinmu cikin kasuwa. Iya, mahaifiyar babanku, ta zo daga Dogondutsi neman maganin hawan jini, Yamai ta yi mata daɗi, ta ƙi komawa. Ɗakin da ke manne da namu na Fati ne, Bazabarma wadda Hausarta ba ta raba namiji da mace, matar wani mai sayar da kayan gyaran babur. Ɗanta ɗaya, Hamani, bai cika shekara biyu ba, ya fara haɗa kalmomi, kuma duk gidan babu wanda yake bi kamar Yayarku. A duk ɗakunan nan babu babba ɗaya da ke karanta Faransanci. Ni kaina rubutun Hausar nan da nake yi muku da girmana na koye shi. Yarinya 'yar shekara goma, 'yar aji biyar, ita ce idonmu gaba ɗaya.

A shekarar aka kawo musu sabuwar malama, yarinya ce da ƙuruciyarta, mai son aiki. Ban taɓa jin sunanta ba, Madam kawai Yayarku ke cewa, kuma kullum da sabon abin da Madam ta ce. Wata rana muna cin tuwon yamma ta ajiye loma ta dube mu.

"Inna, yau Madam ta tambaye mu mi kowa ke so ya zama in ya girma."

Iya ta ce, "To ita mi ya dame ta? Ita ka rabawa?"

Kada ku yi wa Iya dariya. Mu ba a taɓa yi mana irin wannan tambaya ba. Ɗan mahauci ya san wuƙa na jiransa, 'yar mai fura ta san turmi. Ni da aka ɗora ni kan keke babu wanda ya ji ra'ayina. Tambayar ta zo mana baƙuwa, yaran ma haka, shi ya sa amsoshin da Yayarku ta kwaso mana suka sa babanku ya kusa shaƙewa da miya. Wani yaro ya ce direban minista yake so ya zama, don motar da sanyi. Wani ya ce mai ritaya, irin kakansa, a zauna a inuwa ana shan shayi. Wata ta ce amarya. Ɗan mai nama ya ce shi Bature zai zama, da Madam ta ce wannan ba aiki ba ne sai ya sa kuka. Fiye da rabin ajin ma'aikatan kwastan suke so su zama, saboda sun ga gidajen da suke ginawa.

Babanku ya share hawayen dariya ya ce, "To ke fa, uwata?" Haka yake kiranta, don sunan Iya ta ci.

"Lokotoro," in ji ta.

Wato likita, kamar yadda muke faɗa a nan. Da ya tambaye ta dalili sai ta ce ranar da aka haifi Sani ta ga wata mace da farar riga ta shigo ɗaki, maza manya duk suka miƙe tsaye. Iya ta rangaɗa guɗa da tuwo a bakinta. Tun daga wannan daren sunan yanka ya ɓace a gidan, Lokotoro ya maye gurbinsa.

Da ƙarshen shekara ya matso, Madam ta shirya musu biki: kowane yaro ya zo da shigar aikin da ya zaɓa, kuma ta gayyato masu aikin na gaske su yi musu bayani. Ni na ɗinka rigar. Farin yadi na saya mai kyau, na yi mata aljihu a ƙirji da maɓallai har ƙasa, na ƙara mata tsawo don ta daɗe tana sawa. Babanku ya ciro siririn tiyo daga wata matacciyar mota, ya haɗa da murfin kwalba, ya yi mata abin sauraren ƙirji. Ranar bikin na rufe keke na je. Bakanike ya zo ya yi bayani, ɗan sanda ya zo da usur ɗinsa, wata mai aikin rediyo ta zo. Likitan da aka gayyata aiki ya riƙe shi, bai zo ba. Yara takwas ko tara masu fararen riguna suka yi ta zaman jira a benci, daga ƙarshe aka ce su zagaya fili a tafa musu. Abin da suka koya game da aikin likita a ranar ke nan: riga da tafi. Yayarku ta fi kowa kyau, ni kuma na koma gida kaina ya kumbura, ko da yake ban nuna ba.

Aka shiga hutu, damina ta sauka, rigar ba ta koma akwati ba. Da safe ta sa, da yamma a wanke. Iya ce ta fara. Da can idan an ba ta sabon magani sai babanku ya koma farmasi, shagon magani, a sake yi masa bayani, yanzu kuwa sai ta ƙwala kira daga kan tabarma.

"Lokotoro! Zo ki duba mini wanga kwali, kahin abinci ne ko bayan abinci?"

Ta zo ta buɗe takardar ciki, ta karanta da yatsa, ta fassara. Kuma daidai take faɗa, don babanku ya gwada ta wajen mai farmasi, mutumin ya ce yarinyar ba ta yi kuskure ba. Shi ke nan, Iya ta samu abin talla. Kafin wata ya ƙare duk gidan, har da makwabta na waje, an daina zuwa tambaya ko'ina.

Dole in gaya muku yadda muke da magani a lokacin, don ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A gidan haya magani kamar gishiri yake. Ba a zubar da shi, kuma ba a hana makwabci. Kowace mace na da gwangwanin madara da take tara ragowar ƙwayoyi: na mijinta na bara, na ɗanta na watan jiya, wanda baƙo ya manta. Mutum ya ji sauƙi ya daina sha, sauran na gwangwani ne. Idan ɗan makwabciya ya kwana da zafin jiki, abin kunya ne ki ce ba ki da komai. Mai farmasi yakan ja layuka da biro a bayan kwali, na safe, na rana, na dare, amma layukan na wanda aka saya wa ne, kuma da kwalin ya sha hannu sai su goge. Da can idan sun goge mukan ji tsoro mu bari. Yanzu tsoron ya tafi, tunda muna da mai karantawa. Manyan mata masu jikoki su durƙusa gaban yarinya da gwangwani a hannu, ita kuma ta ɗaure fuska ta sa tiyon mota a ƙirjinsu. Kowa dariya yake yi, amma kowa shan abin da ta ce yake yi.

Cikin watan da sauro ya fi yawa aka aiko mini ƙanwar mahaifiyata ta rasu a Dogondutsi. Na goya Sani na tafi gaisuwa, na yi 'yan kwanaki. Ranar da na dawo, bayan azahar, tun daga ƙofar gida na ji shirun bai yi mini ba. Mata sun taru a bakin ɗakin Fati. Na kutsa da kayana a ka. Hamani na kwance a cinyar uwarsa kamar tsumma, ya yi amai har ya gaji, idonsa a buɗe amma ba ya bin kowa da kallo. Na kira sunansa, ko motsi. A gefen tabarma ga cokali da farin gari a manne, ga kwali. Yayarku na tsaye jikin bango cikin farar riga, tana murza maɓalli.

Na ce, "Fati, mi anka ba yaron nan?"

"Maman Zainabu, massassara ne ya kama shi. Na babansa ne da ya rage, na kai ma Lokotoro ya duba."

Na juya. "Ke, mi kinka ba shi?"

"Kinin ne, Inna. Takardar ta ce na massassara ne." Ta ɗaga kai. "Na rage mishi. Na ga shi ƙarami ne, sai na ba shi rabin na babba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kinka tahi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kayan da ke kaina ban san lokacin da suka faɗi ba. Ni ban yi boko ba, amma na sha kinin, na san yadda yake sa kunnen ƙato ya yi ta ƙara kamar an kunna injin niƙa a ciki. Rabin na ƙato a cikin yaron da bai kai buhun gishiri nauyi ba, safe da rana da dare. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ba ɓoye ta yi ba. A tsakar gida take daka ƙwayar, mata na wucewa suna cewa sannu da aiki Lokotoro. Iya da kanta ke riƙe mata hannuwan yaron saboda ɗaci.

Aka tura yaro ya nemo babanku a tasha. Ya zo da taksi, Fati ta shiga baya da Hamani, Iya ta bi ta. Na miƙa Sani ga wata makwabciya, na finciko hannun Yayarku, na ce ta ɗauko kwalin. Iya ta ce a bar yarinya a gida, na ce ita ta san abin da ta bayar, da ita za a je. Muna hawa titi Iya ta tuɓe mata rigar da ƙarfi har maɓalli ya tsinke, ta cusa ƙarƙashinta ta zauna a kai. Ta karɓe kwalin ta tura cikin zani.

"Ku saurara da kyau," in ji ta. "Massassara ce. Ba a ba shi komi ba. Duk wanda ya buɗe baki ya kashe yarinyar ga da ranta. Isuhu, ka ji ni?"

Babanku ya ce, "Na ji, Iya."

"Fati?"

Fati na kuka ta ce, "Ni ne na kai mishi kwali, Iya. Laifina ne. Ba na faɗa."

Ni ba ta tambaye ni ba. Suruka ba ta tambayar matar ɗanta, ɗauka take an ji.

A asibiti aka kwantar da shi a wani dogon ɗaki cike da yara da uwayensu, har ƙasa mutane ne. Likitar mace ce, doguwa, da alama tun safe ba ta zauna ba. Ta ɗaga fatar idonsa, ta taɓa cikinsa, ta tambaya da Zabarmanci, ta sake da Hausa.

"An ba shi wani magani a gida?"

Fati ta sunkuyar da kai. Babanku ya ce, "A'a, ranki ya daɗe." Babanku, mutumin da ko canjin fasinja bai taɓa ci ba. Na dube shi, ya kawar da fuska.

Likitar ta juya ta yi wa ma'aikaciyar jinya magana da Faransanci, da sauri. Ban ji komai ba sai kalma ɗaya, don ita kaɗai na sani: kinin. Na ga ma'aikaciyar ta rataya ledar ƙarin ruwa, ta fasa 'yar kwalba, ta zuƙe da allura. Lokacin ne na gane. Sun ga yaro da zazzaɓi cikin damina, an ce musu bai sha komai ba, abin da ya kwantar da shi za su ƙara masa, kuma ta jijiya. Na dubi Iya, ta zare mini ido. Na dubi Yayarku. Ita ta fi kowa jin abin da aka faɗa, tunda yarenta ne na makaranta. Bakinta na motsi amma babu sauti, Iya ta damƙe mata wuyan hannu.

Ku da kuke cewa da na yi shiru, ga abin da shirun yake nufi. Allura na hannun matar, taku biyu tsakaninta da ledar.

Na ce, "Kada ku sa mishi! An ba shi. Kinin anka ba shi, na manya, kwana da kwanaki."

Likitar ta ɗaga hannu, ma'aikaciyar ta tsaya.

"Wa ya ba shi? Nawa? Ina kwalin?"

Ta daka tsawa, ta ce ba ta da lokacin wasa, tana son wanda ya bayar ya faɗi adadin da bakinsa.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in an yabe ta sai in yi kamar ban ji ba. Ko a bikin makaranta da wata ta tambaye ni ko tawa ce, cewa na yi ta gidanmu ce. Ranar farko da na amsa ta a bainar jama'a ita ce wannan. Na nuna ta da hannu.

"Ɗiyata ce. Ita ta ba shi."

Na sa hannu a zanin Iya na zaro kwalin, abin da ban taɓa tsammanin zan yi wa surukata ba. Likitar ta dubi kwalin, ta dubi yarinyar da ke tsaye da 'yar shimi. Sannan ta durƙusa ta yi mata tambayoyi da Faransanci, Yayarku na amsawa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa da yatsu, ba ta yi kuka ba. Likitar ta ba da umarni, aka canza ledar, aka shiga gudu. Da ta samu sarari ta juyo kanmu ta wanke mu tas, da Hausa da Zabarmanci, ta ce manya huɗu sun ɗora wa yarinya abin da ita ta yi shekaru tana koyo kuma har yau tana jin tsoronsa. Uwayen da ke ɗakin duk sun miƙa wuya suna kallo, a cikinsu har da matan Wadata. Kafin ta wuce ta sake sunkuyawa ta faɗa wa Yayarku wata magana gajera da Faransanci. Har yau ban san abin da ta ce ba. Na tambaya a ranar, na tambaya ranar aurenta, amsar ɗaya ce: ta manta.

Hamani ya rayu. Da aka sallamo shi muka yi sadaka, muka ɗauka an gama. Sai Fati ta lura in ta kira shi daga baya ba ya juyowa. Faranti ya faɗi kusa da shi, kaji su watse, shi ko gezau. 'Yan kalmomin da ya iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Aka koma asibiti, suka ce kunnen ya tafi, kuma ba za su iya rantsewa ko zazzaɓin ne ko maganin ba. Unguwa ba ta tsaya jiran rantsuwar kowa ba. Matan da suka durƙusa da gwangwani su ne suka fara janye 'ya'yansu in ta zo wucewa. Yara suka yi mata waƙa a bakin famfo. Mijin Fati ya daina amsa sallamar babanku. Fati kaɗai ba ta canza ba, kullum sai ta aiko mata da ɗumame, ita kuma ba ta iya ci.

A cikin ɗakinmu ma wuta ce. Iya ta ce na tona wa jininta asiri, da na yi shiru da Allah ya rufa, likitoci ai sun san aikinsu. Na ce Iya, sun san aikinsu in an gaya musu gaskiya. Ta ce ga shi nan, har na fara mayar mata da magana. Daga ranar ba ta sake cin abincin da na dafa da daɗin rai ba har ta koma ga Allah. Babanku bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya daina hira, ya riƙa fita da asuba. Na san kunyar ƙaryar da ya yi ce ke cinsa, kuma ganina na tuna masa.

Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar zare, gidan babu kowa, Fati na wanka. Hamani na zaune a tsakar gida yana wasa da murfin tukunya. Yayarku na durƙushe a bayansa. Ta tafa hannu kusa da kunnensa na dama, ta jira. Ta koma na hagu ta tafa, ta jira. Ta kira sunansa a hankali, ta ƙara da ƙarfi. Tafin hannunta ya yi ja, da gani ta daɗe tana yi. Da inuwarta ta faɗo gabansa ya juyo, ya washe baki, ya miƙa mata hannu ta ɗauke shi. Na koma da baya na fita ba tare da zaren ba, na zauna a bakin kwata na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

A ranar na gaya wa babanku tashi za mu yi. Muka koma Bobiel, can bakin gari, lokacin daji ne, babu famfo, babu wuta, sai kangaye. Na bar rumfata da masu kawo mini ɗinki na shekaru, na koma facin tsofaffin kaya a ƙofar gida. Wannan gidan da kuka girma a ciki kuna taƙama da shi, dalilin zuwanmu ke nan. Na sa ta a sabuwar makaranta inda babu wanda ya san ta, na hana kowa kiran wancan suna, har Iya. Na ɗauka in an canza unguwa da makaranta, yarinya za ta manta ta koma yadda take. Karatu kam ta ci gaba da yi, ita ce ta ɗaya a sabon ajin tun jarrabawar farko, kuma kun san ba ta tsaya ba sai da ta gama sakandare. Babu wanda ya cire ta daga makaranta, babu wanda ya ce kada ta yi likita. Da ta gama, babanku har roƙonta ya yi. Ta ce shagon atamfa take so, ga ta can unguwar Dar es Salam, nan Yamai, tana yi.

Ban yi nadamar buɗe bakina ba, kuma ko yau aka maimaita zan buɗe. Hamani na nan da ransa, kafinta ne, da matarsa da 'ya'ya, ranar sallah yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni da hannu. Amma kada ku ɗauka ban san abin da aka biya ba. Na san ranar da na gane shi.

Ba mu daɗe da tarewa a Bobiel ba zazzaɓi ya kayar da ni. Babanku ya kai ni asibiti da safe, ya sayo magani, ya ajiye ni a gida ya koma aiki. Da rana na farka jikina na kaɗawa, na ɗauko kwalin, sai na ga mai farmasi ya manta bai ja layukan ba. Iya na barci. Makwabci mafi kusa sai an yi tafiya. Yayarku ta dawo daga makaranta ke nan, tana zaune a bakin ƙofa da littafi a cinya, tana karanta wa Sani wani labari da Faransanci, shi kuma yana ta jan shafin.

Na ce, "Ke, zo ki duba mini. Nawa zan sha?"

Ta taso ta zo har bakin gado. Na miƙa mata kwalin. Ta dube shi, ta mayar da hannuwanta biyu baya ta riƙe.

"Karɓi mana. Likita ne ya rubuta, nawa ne, ba na kowa ba. Karantawa kawai za ki yi."

"Ban iya karatu ba, Inna."

Littafin na nan buɗe a bakin ƙofa, iska na kaɗa shi. Na dube ta, ta dube ni, idonta a bushe. Na ɗaura zani, na lulluɓa, na kama hanyar farmasi da ƙafa cikin rana, ina tafiya ina hutawa a jikin kangaye. Ta goya Sani ta biyo ni a baya har can, ta tsaya a waje, ta biyo ni muka dawo.

Yanzu 'ya'yanta huɗu. Ku tambayi mijinta wa ke karanta kwali a gidansu.